Yadda Ake Tafiya da Bindiga a Mota da Mashin: Jagora ga Maharba da 'Yan Sintirin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura

Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, hazo ya sauko, mai bin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Dambatta da Kazaure ya nufi Daura ba zai rasa haɗuwa da su ba: a-kori-kura cike da mazaje da karnuka, ko jerin mashina kowane da goyo, bakin bindiga na leƙowa ta bayan kafaɗa. 'Yan farauta ke nan sun fito. Ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa, don labarin baka na kafuwar Kazaure ma da maharba ya soma. Ban da su akwai 'yan sintirin da ke zagaya ƙauyukan Roni da Gwiwa cikin dare, da 'yan bindigar da ke raka sarki ranar hawa, da jami'an tsaron da ke kai da komowa har bakin iyakar Nijar ta wajen Babura. Kowanensu yana da lokacin da bindiga za ta bar hannun mai tafiya a ƙasa ta shiga abin hawa.

A nan kuwa ta fi haɗari. A dawa maharbi na riƙe da ita da hannu biyu, idonsa na kan bakinta, abokan tafiya sun baje kowa da layinsa. A mota an cunkushe, kafaɗa na gugar kafaɗa, gargada na jijjiga kowa, hankali ya tafi wajen hira. Duk inda bakin bindiga ya juya akwai mutum.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: bindiga ta kasance kusa da kai daban, ta kasance a ɗure daban. Mutanenmu sun haɗe biyun. Sai ka ji an ce, "To in ba ɗuri a ciki, mene ne amfanin ɗauko ta?" Saurin kai hannu ga makami yana zuwa ne daga tsari: ka san inda take, ka san inda harsashi yake, ba abin da ya danne ta, ba ta gangara ta bar inda ka ajiye ta ba. Ɗuri a cikin mota mai tafiya ba ya ƙara maka wannan saurin. Na kusa da kai kawai yake jefawa cikin hatsari.

Kafin a zo ga wurin ajiya, sai an san wace bindiga ce doka ta yarda a ɗauko tun farko. Dokar bindigogi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma har yau ita ce ginshiƙi, ta kasa su gida uku. Gida na farko shi ne haramtattu: bindigogin yaƙi, masu sarrafa kansu, da kuma libarba da duk wata ƙaramar bindigar hannu, ko ta kamfani ce ko ƙirar maƙeri. Izinin waɗannan a hannun Shugaban Ƙasa kaɗai yake. Ita ma bindigar nan da ake zuge hannunta gaba da baya ta ɗora sabon harsashi ba ta cikin waɗanda aka sassauta wa farar hula. Gida na biyu shi ne bindigar farauta ta kamfani, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, da ta iska. Lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Na uku ita ce tamu ta gado, bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, wadda al'amarinta ke hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha, wato hedikwatar Dutse ga mutumin Jigawa. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin ta'adi a shekaru biyar da suka wuce. Wanda aka samu da haramtacciyar bindiga ba izini, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 10. Ta farauta ba lasisi, har zuwa shekara 5.

A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi, saboda haka mai nema ya fara zuwa wajen baturen 'yan sandan yankinsa ya ji inda aka kwana. Kuma a sani, katin ƙungiyar mafarauta ko ta 'yan banga ba lasisi ba ne. Wasiƙar dagaci ko ta hakimi ma ba lasisi ba ce. Suna da amfani ƙwarai wajen shaida ko kai wane ne, amma ba sa tsayawa a madadin takardar hukuma.

Ke nan ɗan kasuwar da ke tunanin sayen ƙaramar bindiga ya cusa a aljihun gaban mota saboda tsoron hanya, ya cire wannan daga ransa. Finafinan Amurka sun sa wasu na ganin abin kamar ado. A can tsarin mulkinsu ne ya ba su dama, mu namu bai ba mu ba. Ko a can ɗin ma, dokar tarayya ta 1986 da ta ba matafiyi kariya idan zai ratsa jihohi da bindiga sharaɗi ta kafa: ta zama ba harsashi a ciki, kuma a inda hannun na cikin mota ba zai kai ba, in motar ba ta da but, a kulle ta cikin akwati, ban da aljihun gaban mota. Birtaniya kuwa tun 1997, bayan kisan 'yan makaranta a garin Dunblane a 1996, ta raba farar hula da ƙananan bindigogi kusan baki ɗaya.

Masu riƙe ta bisa doka a ƙasarmu jami'ai ne: ɗan sanda, soja, kwastan da takwarorinsu. Gare su maganar gajeriya ce. Wurin ƙaramar bindiga a mota shi ne jikin mai ita, cikin kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, ɗaure da ɗamara. Kada a ɗora ta kan kujera, kada a danne ta da cinya, kada a soke ta tsakanin kujera da giya. Ranar 11 ga Afrilu 1986, a birnin Miami na Amurka, jami'an FBI sun tare wasu 'yan fashin banki biyu a mota. Biyu daga cikin jami'an sun riga sun zare bindigoginsu daga kube sun ajiye kusa don su yi saurin ɗauka. Da motoci suka gwabza, bindigogin suka yi tsalle suka ɓace musu daidai lokacin da aka buɗe wuta. Wasu abokan aikinsu biyu sun mutu a wannan arangama. Abin da aka ajiye sakaka ba ya nan lokacin da ake nemansa. Jami'in da ke cikin kayan gida ya gwada zama a kujerarsa da bel a ɗaure, bindiga ba harsashi, ya ga ko bel ɗin ko rigarsa na tare masa hannu, ya gyara wurin kuben tun a gida. Wajen mayar da ita kube ya duba da idonsa, don bakin riga ko zariyar wando na iya shiga zoben kunama su ja ta. In zai shiga inda ba a shiga da makami, ma'ajiyar ofis ce wurinta. In ba hali, akwatin ƙarfe mai makulli wanda aka ɗaure da jikin motar a ƙarƙashin kujera, na ɗan lokaci, ba na kwana ba.

Yanzu ga masu doguwar bindiga, waɗanda su ne mafi yawa a ƙauyukanmu.

Aikin yana farawa ne kafin a taɓa ƙofar mota. Mai bindigar kamfani abinsa da sauƙi: ya juya bakinta inda ba kowa, ya karya ta, ya zare harsashi, ya ɗaga ya leƙa ta baya har ya hango haske ta kowane bututu. Ya bar ta a karye ko ya raba ta gida-gida, domin yawancinsu suna rabuwa uku ba tare da sifana ba: katakon riƙo na gaba, bututu, da gindi. Kada ya dogara da ɗan makullin da ke bayan kunama. A mafi yawan irin waɗannan bindigogi kunama kawai yake tarewa, ƙarfen ciki yana nan a ɗane, bugu mai ƙarfi na iya sakinsa. Tsofaffin bindigogin da aka gada tun zamanin kakanni, waɗanda haƙoransu suka cinye, sun fi kowace saurin yin haka.

Bindigar toka ce ke da wuyar sha'ani, domin ba a leƙa cikinta a ga haske. Da ɗurarriya da wofi kamarsu ɗaya. Dabarar da ta fi kowace ita ce ta sandar ɗuri. Ranar da ka tabbata ba komai a ciki, ka wanke ta ta bushe, ka zura sandar har ta dira ƙasa, ka yi mata tsaga da wuƙa daidai bakin bututu. Daga ranar, duk lokacin da ka zura sanda ka ga tsagar ta tsaya sama da baki da yatsa biyu ko uku, akwai ɗuri. In ta haura fiye da yadda ka saba gani, wataƙila ɗuri biyu ne aka yi bisa mantuwa, wanda shi ne ke tarwatsa bututu a hannun mai shi. Wajen gwajin nan kada fuska ko tafin hannu su rufe bakin bindiga. Da yatsu biyu ake riƙe sandar daga gefe. Duk maharbin da ba shi da wannan tsaga a sandarsa ya yi ta yau.

In akwai ɗuri, hanya mafi tsafta ita ce a harbar da shi kafin a hau. A nemi tudun yashi ko gaɓar rami mai laushin ƙasa, a sanar da abokan tafiya, a harba ciki. Ƙasar Kazaure da Roni ƙasar duwatsu ce, kuma ƙarfe in ya daki dutse dawowa yake yi ta inda ba a zata ba. Fuskar ruwa ma haka take, saboda haka bakin dam ba wurin zubar da ɗuri ba ne. Sama ma ba ta karɓa ta riƙe. Abin da ya hau zai sauko a kan gidan wani. Na san abin da ake cewa: albarushi kuɗi ne. Gaskiya ne, amma kuɗin ɗuri ɗaya bai kai kuɗin motar da za ta kai mutum asibitin Kazaure ba, balle a ce a wuce da shi Kano.

Akwai kuma wadda aka ja kunamarta ta ƙi tashi. Albarushin da ya sha laima yakan ci wuta a hankali, ya tashi bayan an fid da rai. A riƙe ta yadda take, bakinta na kallon inda aka nufa, a ƙirga aƙalla minti guda cikakke. Irin wannan bindiga ba ta shiga mota sam sai an raba ta da abin da ke cikinta.

Bayan an tabbatar wofi ce, sai a sa ta a riga. Baduku ko tela na iya ɗinka mata jaka da fata ko tamfol, mai igiyar ɗaure baki. Amfanin jakar uku ne: tana hana ƙurar hunturu da yashi shiga bututu, tana hana reshe ko igiya ko yatsan yaro shiga kunama, tana kuma hana tsorata mutane a tasha da kasuwa. Ba don a ɓoye wa hukuma ake rufe ta ba, za mu zo kan wannan. Wasu kan toshe bakin bututu da tsumma saboda ƙura. Ban yarda da wannan ba, don ranar da aka manta da tsumman aka harba, bututu ne zai tsage, musamman na gida da sau da yawa daga bututun ƙarfen da ba don harbi aka yi shi ba ake ƙera shi. In dole ne, a lulluɓe bakin daga waje da ƙyalle mai launi wanda ido ba zai tsallake ba.

A ƙaramar mota wurinta but. A kwantar da ita a gicciye, a kan tsohon bargo, a ɗaure ta da igiya ko roba a wuri biyu. Ɗaurin nan ba ƙawa ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 in ta yi karo ta tsaya nan take, duk abin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudun. Bindigar farauta ta kai kilo uku. Ko ba harsashi a cikinta, ƙarfe mai wannan nauyi ya ishi ƙeyar direba. Don haka bayan kujerar baya, can ƙarƙashin gilashi, shi ne mafi munin wuri a duk motar.

A a-kori-kura ta 'yan farauta, inda ake tafiya da bindiga goma ko fiye, abin da ya dace shi ne dogon akwati. Kafinta ko mai walda zai haɗa shi da falanki ko ƙarfe, a ɗaure shi da kusoshi a bayan kan mota, a gicciye, a shimfiɗa soso a ciki, a sa masa kwaɗo. A gicciye na ce, domin in aka jera su a tsawon mota, ko dai bakunansu na kallon bayan direba ko suna kallon motar da ke biye. Duk bakunan su fuskanci gefe guda, gindayen su koma gefen da ake sauke kaya. Makulli ya zauna a wuyan mutum ɗaya, jagoran tafiya, kuma shi ne zai tsaya a bakin mota ya zura sanda a kowace bindiga kafin ta shiga, har da ta wanda ya girme shi. In babban maharbi ya fara miƙa tasa aka gwada a gaban yara, ba wanda zai ƙara jin an raina shi.

Inda ba akwati, kowa ya zauna da tasa a tsaye tsakanin ƙafafunsa, gindi a ƙasa, baki sama, hannu a kan bututu, kuma kada a jingina haɓa ko goshi a bakinta in gyangyaɗi ya zo. Karnuka a ɗaure su a gefe guda. A watan Janairun 2023, a jihar Kansas ta Amurka, wani mafarauci ya mutu a kujerar gaban a-kori-kura bayan kare ya taka bindigar da aka bari a ɗure a kujerar baya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda karnukanmu ke tsalle-tsalle a bayan mota in sun ji ƙamshin dawa ya san wannan ba labarin nesa ba ne.

Saukewa ma tana da ƙa'ida guda wadda ba ta da togiya: ba a jan bindiga ta baki. Mutum ya tsaya a bayan mota, ya kamo bututu ya jawo ta wajen ƙirjinsa, kunama ta sarƙe da buhu ko igiya, shi ke nan. Ta gindi ake ɗaukowa. In za ka miƙa wa wani, bakinta sama ko ƙasa, ka ce masa "wofi ce", shi kuma ya gwada da kansa duk da ka faɗa. Wanda zai hau ko zai dira ya fara miƙa bindigarsa ga na ƙasa, kada ya yi tsalle da ita.

Albarushi da harsashi tafiyarsu daban. Harsashin kamfani ya zauna a kwalinsa ko a ɗamararsa, cikin burgami ko jakar da ke jikin mai shi. Albarushi a ƙaho ko gwangwani mai matsattsen murfi, abin tartsatsin da kunama ke sara kuma a wani ɗan mazubi nasa, kada su haɗu. A nisanta su da jarkar fetur, da batir, da mai shan taba. Motar da ke ɗauke da albarushi ba a kunna ashana a bayanta. A watan Afrilu da Mayu zafin yankin nan kan haura digiri 40, cikin rufaffiyar mota a rana kuwa yana iya wuce 60. Wannan zafin shi kaɗai ba ya tayar da albarushi, amma yana lalata harsashi sannu a hankali, kamar yadda laimar damina ke yi. Mota ba ma'ajiya ba ce. In an dawo a kwashe komai a shigar gida a kulle.

Mashin shi ne motar yawancinmu, musamman a hanyoyin yashi na Gwiwa da Babura. A nan bindiga a baya take, rataye da maɗauri mai ƙarfi a karkace, bakinta sama ya wuce kai. In da goyo, na baya ne zai rataya, don in direba ya rataya bakinta na fuskar wanda ya goya. Kada a gicciya ta kan tanki ko kan cinya, inda bakinta ke share duk wanda aka wuce a hanya, kuma tana iya kama bishiya ko wani mashin. Kada a ɗaure ta a jikin salansa. In aka faɗi a yashi, ko da ba wanda ya ji ciwo, a duba bututu kafin a sake ɗurawa, domin cikin cokali guda na ƙasa a baki ya isa ya fasa shi.

Ɗan sintiri zai ce, "Malam, duk mun ji, amma mu ba zomo muke nema ba. In ɓarayin shanu suka yi mana kwanto a hanya fa?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma mai yin ta ransa ya sa a gaba don mu yi barci. Amsata ita ce, bindigar toka harbi ɗaya gare ta, kuma daga kan mashin mai gudu cikin duhu wannan harbin ba ya samun abin da aka nufa. Wanda aka yi wa kwanto abin da ke cetonsa shi ne ya fice daga wurin ko ya sauka ya sami mafaka. Saboda haka a yi tafiyar da wofi, a tsaya nesa kaɗan da inda sintiri zai fara, a kashe mashina, a ɗura, a shiga da ƙafa. Mai bindigar kamfani ya fi kowa sauƙi: tana karye a hannunsa, harsashi biyu na aljihun gaba, sakawa da rufewa daƙiƙa kaɗan ne ga wanda ya saba. Ya yi ta gwada wannan da kwanson da aka riga aka harba har hannunsa ya iya a duhu. In wani ya ce lallai sai ya hau mashin da bindigar toka a ɗure, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya cire abin tartsatsin, ya goge wurin, ya sauke kunama a kan 'yar fata, baki sama. Wannan rage hatsari ne kawai, don ɗan burbushin da ya maƙale na iya tayar da ita, kuma ban yarda a shiga rufaffiyar mota da ita a haka ba ko da wane dalili.

Abin da ya kamata ya fi komai kusa da hannu a tafiya shi ne takarda. Lasisi na asali a leda a aljihun gaba, hotonsa a waya, kwafinsa a gida. Tawaga ta rubuta sunan kowa da irin bindigarsa da garinsu a takarda guda, Sarkin Baka ko dagaci ya sa hannu, a sanar da ofishin 'yan sanda kafin a tashi, a riƙe lambar wayar wani jami'i da zai iya shaidar ku.

A shingen bincike a rage gudu tun daga nesa. In dare ne a rage fitilar gaba a kunna ta ciki. Direba ya bar hannayensa kan sitiyari, na baya su zauna yadda suke, mutum ɗaya ya yi magana. Kada a jira a tambaya. Bayan sallama sai a ce, "Ranka ya daɗe, mu maharba ne daga Roni za mu farauta. Akwai bindigogin toka a akwatin baya, duk ba ɗuri. Takardunmu na aljihuna, in ɗauko?" Kada kowa ya kai hannu wajen bindiga don ya nuna, a ba jami'i makulli, ko a buɗe in ya ce a buɗe, a ja da baya. Jami'in da aka gaya wa tun farko hankalinsa kwance yake bincike. Wanda ya ɗaga buhu ya ci karo da bakin bindiga kuwa yatsansa ne zai riga tunaninsa.

Yanayin ƙasarmu ya sa wannan ya zama dole. Masarautar Kazaure a matse take tsakanin Kano da Katsina. Mutumin Gwiwa ko Roni tafiya kaɗan zai yi ya tsinci kansa a wata jiha. Tunda izinin bindigar toka daga kwamishinan jiha yake, a tambaya tun a gida ko takardar na aiki a inda za a. Katsina na fama da 'yan bindigar daji, har Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023. Jerin mashina da makamai cikin dare a can ba kallon maharba za a fara yi musu ba. Ta wajen Babura kuwa iyakar ƙasa ce. A dawa ba a ganin layinta, dangi ne a kowane ɓangare, amma ƙetarawa da bindiga a idon doka fitar da makami ne daga ƙasa, dawowa da ita kuma shigo da shi ne, kuma lasisin Nijeriya ba ya aiki a ƙasar Damagaram. Naman da ya tsallaka a bar shi ya tafi.

Ba za a yi wannan magana a tsallake Uromi ba. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana shirin ƙaramar Sallah, maharba 'yan jihar Kano da ke dawowa gida daga jihar Ribas a cikin babbar mota suka faɗa hannun 'yan banga a garin Uromi na jihar Edo. Aka ga bindigogin farauta a motar, aka yi musu kururuwar masu satar mutane, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu. Da dama 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Allah ya jiƙansu. Alhakin jininsu na kan waɗanda suka kashe su, ba abin da zai rage wannan. Amma mu da muka rage dole mu yi wa kanmu tanadi. Doguwar tafiya da makami ta ratsa jihohin da ba a san shigar maharbin Hausa ba, ba a jin harshensa, ba a yin ta sai da sanin 'yan sandan inda aka tashi da na inda za a. In waɗanda ba hukuma ba suka tare ku, kada a yi musu, kada a taɓa makami, a nemi abu ɗaya: a kai ku ofishin 'yan sanda mafi kusa, wani kuma ya buga waya nan take. A ganina ma, wanda zai zo ganin gida ya koma, ya fi masa alheri ya damƙa bindigarsa ajiya a hannun hukuma a can, ya karɓi rasit, ya taho hannu sake.

Saura barin bindiga a mota a tafi. An tsaya sallar Juma'a, ko ɗaurin aure, ko cin abinci a tasha, sai a tura ta ƙarƙashin kujera a ce minti biyar ne. A Amurka, inda ake tattara alƙaluma, an gano cewa fiye da rabin bindigogin da aka kai rahoton sace su a ɗaruruwan birane a 2022 daga cikin mota aka ɗauke su. Bindigar da aka sace ba gona za ta ba. Ga kuma yara, waɗanda ba abin da ke jan su kamar motar baƙi da aka bari a buɗe. In dole a tsaya, mutum ɗaya baligi ya zauna da kaya, a yi salla bi da bi. Doka ta ɗora wa mai lasisi alhakin tsaron bindigarsa, kuma in ta ɓace ko aka sace, kwana 14 gare shi ya sanar da hukumar da ta ba shi izini. Kada ya jira kwana 14 ɗin. Ya je ranar.

'Yan bindigar hawan Sallah su ma wannan ya shafe su. Albarushi zalla ba ƙarfe suke ɗurawa, amma a kusa wutarsa da abin toshiyar na ƙona fuska, su tsiyayar da ido, har su yi kisa. A filin hawa ake ɗuri, a filin ake ƙarar da shi, sannan a hau motar komawa.

Idan abu ya faru mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma addinin da ya koya mana ita shi ne ya fara kafa ƙa'idar ɗaukar makami cikin mutane. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kama tsininsu don kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hanin miƙa takobi a zare. Kisan kuskure ma ba a barin sa haka nan: akwai diyya, akwai kaffarar azumin wata biyu a jere. Wanda aka fi kashewa a irin wannan kuskure kuwa ba baƙo ba ne, ƙani ne, ko ɗan wa, ko abokin da aka taso tare.

Ina kira ga Sarakunan Baka da shugabannin 'yan sintiri na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura: kafin fitar bana, ku tara mutanenku, kowa ya zo da sandar ɗurinsa a yi mata tsaga a gabanku, a haɗa kuɗin akwati da kwaɗo, a rubuta sunaye. Ku kuma direbobin da ake ɗauka haya, motarku ce, bayanku ne bakin bindiga ke kallo. Kada ku tayar da inji sai an gwada kowace a kan idonku.